Yadda Ake Ziyartar Gandun Daji Mai Duwatsun Aman Wuta, Tafkuna da Fadamu

Sau da yawa inda ka ga dutse mai aman wuta, in ka waiga za ka ga tafki, in ka ƙara gangarawa ka tarar da fadama. Ba dace ba ne. Dutsen yakan amayar da abin da ke cikinsa har ƙoƙon kansa ya rufta, ramin da ya bari ya yi ta tara ruwa har ya zama tafki. Haka aka samu Crater Lake a jihar Oregon ta Amurka: dutsen Mazama ne ya rufta kimanin shekara 7,700 da suka wuce, yau zurfin ruwan ya kai mita 594. Wani wurin kuma narkakken dutse ne ke malalowa ya datse kogi. Can ƙasa inda ruwa ya rasa gangara sai ya kwanta, ciyawa ta rufe shi, tsuntsaye su mai da wurin gida.

Abin da ya raba irin wannan gandun daji da wanda ake zuwa kallon giwa da zaki shi ne, a nan ƙasar da kake takawa da iskar da kake shaƙa da ruwan da kake kallo su ne abin sha'awar, su ne kuma abin gudun. Zaki in ka gan shi ka san zaki ne. Amma ƙasar da ta bushe ta yi fari fat, alhali ruwa na tafasa taƙi ɗaya a ƙarƙashinta, ba ta da alamar da baƙo zai gane. Shi ya sa matakan nan suka fi karkata ga sanin inda za a sa ƙafa.

Mataki na 1: Zaɓi wuri daidai da ƙarfin ƙafarka

Wuraren ba iri ɗaya ba ne. Yellowstone a Amurka, wanda aka kafa a 1872, yana da maɓuɓɓugan ruwan zafi da ramukan tururi sama da 10,000, kuma galibin shahararrun cikinsu mota ke kai ka kusa, ka ƙarasa da ɗan taku a kan hanyar katako. Mai tafiya da yara ko dattijai zai ji daɗinsa. Tongariro a Niyu Zilan ba haka yake ba: fitacciyar hanyarsa kimanin kilomita 20 ce, tafiyar awa bakwai zuwa takwas a ƙafa, hawa da gangara a kan tsakuwa mai zamewa, sai wajen tsakiyar hanyar za ka ga korayen tafkunan da ake ta ɗauka a hoto.

Mai son ya haɗa ukun a ɗan lokaci, gandun Arusha a Tanzaniya ya ishe shi: ga ramin Ngurdoto da fadama a cikinsa, ga tafkunan Momella, ga dutsen Meru da ya haura mita 4,500. A gabashin tsibirin Hokkaido na Japan kuma gandun Akan-Mashu na da tafkuna uku, Akan da Mashu da Kussharo, kana gangarowa kudu ka shiga fadamar Kushiro, wadda babu kamarta girma a ƙasar. A Indonesiya akwai Kelimutu a tsibirin Flores, tafkuna uku a kan dutse guda, kowanne da launinsa, launin kuma yana sauyawa.

Wani wurin ba dutsen ne matsalar ba, mutane ne. Virunga a gabashin Kwango shi ne gandun daji na farko a Afirka, tun 1925, a cikinsa dutsen Nyiragongo yake, amma rikicin yankin ya sa an sha rufe shi. Irin wannan ba a shirya masa tafiya da labarin bara.

Kada kuma tsohon hoto ya ruɗe ka. Tafkin Nakuru na Kenya ya yi suna da tsuntsayen filamingo da ke rufe bakinsa, amma da ruwan ya ƙaru a shekarun 2010 sai gishirinsa ya ragu, gansakukar da suke ci ta yi ƙaranci, da yawansu suka ƙaura wasu tafkunan irin su Bogoria. Ka nemi labarin wanda ya je kwanan nan.

Mataki na 2: Tambayi lafiyar dutsen

Ƙasashen da ke da duwatsu masu rai suna da hukumar da ke sa musu ido, tana fitar da matakin gargaɗi a intanet. Japan tana ƙirgawa daga 1 zuwa 5, Niyu Zilan daga 0 zuwa 5, Indonesiya da Amurka matakai huɗu-huɗu ne. Ma'aunin kowa daban, don haka kada ka tsaya ga lambar, karanta abin da aka rubuta a ƙarƙashinta: nisan da aka hana kusantar bakin dutsen, da hanyoyin da aka rufe. Duba kafin ka sayi tikiti, ka sake dubawa ana saura mako, ka kuma duba da safen ranar.

Sai dai ƙaramin mataki ba lamuni ba ne. Ranar 27 ga Satumba 2014 dutsen Ontake na Japan ya fashe gab da tsakar rana yana mataki na 1, masu hawa sun cika samansa, mutum 63 suka mutu ko suka ɓace. Tsibirin Whakaari na Niyu Zilan yana mataki na 2 lokacin da ya tashi a Disamba 2019, ya kashe mutum 22. Irin wannan fashewa ta tururi ce: ruwan ƙarƙashin ƙasa ke ɗaukar zafi har ya fasa dutsen da ya danne shi, sau da yawa ba tare da wata alamar a-zo-a-gani ba. Wannan ba dalilin fasa tafiya ba ne, dalili ne na rage zama a bakin rami. Ka je, ka gani, ka ɗauki hoto, ka ja baya. Cin guzuri da hutawa a yi su can nesa.

Tunda dutse na iya rufe maka ƙofa, sayi tikitin da ake iya sauya wa rana, ka kuma tanadi wani wurin zuwa. A 2018 aman dutsen Kilauea ya sa an rufe galibin gandun Hawaii Volcanoes sama da wata huɗu. In za ka yi inshorar tafiya, tambaya ƙarara ko ta shafi aman wuta da hawan dutse mai tsawo.

Mataki na 3: Lokaci da izini

Kowane ɓangare da lokacinsa. Titin da ya zagaye Crater Lake dusar ƙanƙara kan toshe shi galibin shekara, sai wajen Yuli ake buɗe shi gaba ɗaya. Tafkin Mashu ya shahara da hazo a lokacin zafi, mutum ya tsaya a dandalin kallo bai ga komai ba sai fari. Tsuntsayen fadamar Kushiro, dogayen nan masu jan tabo a ka, an fi ganinsu da hunturu a ƙauyen Tsurui. A Gabashin Afirka ruwan Maris zuwa Mayu kan ɓata hanyoyi.

Wasu wuraren sai da izini tun kafin ranar. Ƙololuwar Teide a tsibirin Tenerife na Sifaniya, mita 3,715, ƙayyadaddun mutane ake bari su hau a rana. Hawan Meru kuwa sai da ma'aikacin gandu mai bindiga, saboda ɓauna da giwa a gindin dutsen. Jirgin ɗaukar hoto marar matuƙi haramun ne a gandun dajin Amurka tun 2014, wasu ƙasashen ma haka.

Mataki na 4: Jikinka da jakarka

Mai asma ko ciwon zuciya, da mai juna biyu, su ga likita kafin a tsai da magana. A bakin ramin dutsen Aso na Japan an hana masu asma da ciwon zuciya kusanta kwata-kwata, ko iskar ba ta yi yawa ba. In tafiyar ta shafi ƙasar da ke neman shaidar rigakafin shawara, a yi allurar aƙalla kwana 10 kafin tashi. Fadama gidan sauro ce, a tanadi maganin rigakafin zazzaɓi inda ake buƙata.

Takalmi shi ne kan gaba: rufaffe, mai kaurin ƙasa, wanda ƙafarka ta saba da shi. Daskararren aman dutse yana da kaifi, faɗuwa ɗaya sai ta yanka tafin hannu, shi ya sa safar hannu da dogon wando ke da amfani ko ana zafi. Tufafi a sa su hawa-hawa yadda za a iya cirewa da ƙarawa, domin duk mita 1,000 da ka hau sanyi na ƙaruwa da kusan digiri 6.5, ga iska a sama. Sai rigar ruwan sama, tocila, isasshen ruwan sha, madubin hangen nesa, da taswirar da ka sauke a waya tun kana da sabis.

Mai sa gilashin ido na mannawa ya koma tabarau, toka in ta shiga ƙarƙashinsa tana kankare ido. Zobe ko sarƙar azurfa a bar su a masauki, iskar farar wuta na mai da su baƙi. Takunkumi yana tare toka da ƙura, ba ya tare iska mai guba. Mutane da yawa na sa shi su ɗauka sun tsira.

Mataki na 5: Fara da ofishin baƙi, ka hau dutse da sassafe

Matambayi ba ya ɓata. Kafin ka nufi ko'ina, shiga ofishin gandun ka yi tambaya uku: wace hanya aka rufe yau, ina iska ta dosa, ina ne mafaka mafi kusa da inda za ni. Ka gaya wa masaukinka hanyar da za ka bi da lokacin dawowarka.

Tsarin yini kuwa, dutse da asuba, tafki da rana, fadama da la'asar ko wata asubar. Gajimare kan taru a kan duwatsu in rana ta ɗaga, shi ya sa masu zuwa Kelimutu ke tashi cikin duhu. Sa wa kanka lokacin juyowa tun kana ƙasa, in ya yi ka juya ko ƙololuwa na gabanka. Daga mita 2,500 zuwa sama ciwon tsawo na iya kama kowa: ciwon kai, tashin zuciya, jiri. In ya ƙi lafawa, magani shi ne sauka.

Mataki na 6: A filin tururi, katako ne iyakarka

Nan ne aka fi yin ganganci. Filin ruwan zafi a ido fili ne kamar kowane, fari ko ruwan toka, wani wurin har da sawun dabba. Amma saman ɓawo ne kawai da ma'adinan ruwan suka daskarar, wani wuri da kauri, taku ɗaya gaba kuma ba kauri. A gandun Lassen na Kalifoniya akwai filin da ake kira Bumpass Hell, sunan Kendall Bumpass ne, mutumin da ya san wurin har yake kai baƙi. A shekarun 1860 ƙasa ta burma da shi cikin tafasasshen taɓo, ya rasa ƙafa. In wanda ya san wurin ya burma, baƙo fa? A Yellowstone sama da mutum 20 ruwan zafi ya kashe.

Don haka, hula ta faɗa, iska ta ɗauke takarda, waya ta suɓuce, a bar su, a gaya wa ma'aikaci. Yaro a riƙe hannunsa, ba a ce masa ya bi a hankali ba. Katakon kan jiƙe da tururi ya yi santsi, tururin kuma na iya rufe maka gani na ɗan lokaci. In ya rufe ka, tsaya cik har ya wuce. Mai ɗaukar hoto kada ya ja da baya yana kallon waya. Kada ka gwada zafin ruwa da yatsa, kada ka jefa kwabo ko dutse a maɓuɓɓuga: tarkacen da baƙi suka yi ta jefawa a tafkin Morning Glory na Yellowstone ya toshe maƙogwaronsa, zafinsa ya ragu, shuɗin launinsa ya sauya.

Mataki na 7: San iskokin nan uku

Ta farko ita ce mai warin baragurbi. Kaɗan daga cikinta hanci ke ji, amma in ta yi yawa tana kashe jin warin. Kana cikin wari mai ƙarfi sai ka ji ya ɗauke farat ɗaya, ga ciwon kai, to kada ka ce iska ta gyaru, bar wurin.

Ta biyu mai ƙaiƙayi ce, tana sa tari da hawaye da ƙunar maƙogwaro, ita ce ke tayar da asma. In ta taso, kada ka gudu inda iska ke kai ta, ratsa gefe ka fita daga hanyarta, da jiƙaƙƙen ƙyalle a hanci.

Ta ukun ta fi su sharri, domin ba wari ba launi, ita ce iskar kabon da muke fitarwa in mun yi numfashi. Ta fi iskar shaƙa nauyi, sai ta kwanta a rami da kwari da kogo, musamman da sassafe in ba kaɗawa. Daren 21 ga Agusta 1986 tafkin Nyos na Kamaru ya saki wannan iska, ta bi kwaruruka ta kashe mutum sama da 1,700 da dabbobi dubbai. A yankin aman wuta kada ka kwanta ko ka kafa tanti a kwari ko rami. Yaro ya fi ka kusa da ƙasa, shi za ta fara kamawa. In ka ga matattun tsuntsaye ko ƙwari a rami, ko itatuwa sun bushe a wuri guda, hau tudu. Wani ya faɗi a rami, kada ka bi shi da gudu, haka ake rasa mutum biyu. Kira masu kayan numfashi.

Mataki na 8: In dutsen ya motsa

Abin da ya fi kisa kusa da rami duwatsun da ake cillowa ne. Shiga mafaka in akwai, in babu laɓe bayan babban dutse, ɗora jaka a ka da wuya. Da an lafa, nisanci ramin, amma kada ka bi kwari ko hanyar rafi, nan toka mai zafi da malalar taɓo ke bi. A daren 24 ga Disamba 1953 tafkin da ke kan dutsen Ruapehu, cikin gandun Tongariro, ya ɓalle, taɓo ya bi kogi ya karya gadar jirgin ƙasa a Tangiwai, mutum 151 suka mutu. Kwari ko ba aman wuta abin tsoro ne: a 2019 ambaliya ta kashe mutum bakwai a kwazazzabon Hell's Gate na Kenya. Ruwan da aka yi a nesa ya isa.

Mataki na 9: Tafki, kalli launinsa ka yi tambaya

Ruwa ba ya tsami banza. Korayen nan da shuɗayen da ke ɗaukar ido, sau da yawa ma'adinai da asid ne suka rina su. Tafkin Ijen a tsibirin Java na Indonesiya tsaminsa ya yi kusa da na ruwan batir. Wasu kuma garau suke amma sanyinsu na ɗauke numfashi da zarar an faɗa, ko gwanin iyo ne. Wasu masu wurin ne ke girmama su: a Tongariro ana roƙon baƙi kada su taɓa ruwan tafkunan, saboda matsayinsu a wajen al'ummar Maori. Tafkin Mashu ma ba a sauka bakinsa, daga sama ake kallo.

Inda aka yarda da wanka a ruwan ɗumi na daji, kada ka nutsar da kai. Akwai ƙwayar cuta da ke rayuwa a irin ruwan, tana shiga ta hanci ta kai ƙwaƙwalwa. Ba kasafai take kamu ba, amma wanda ta kama da wuya ya tashi. A tafkunan Afirka kuma tsargiya ce abin gudu, ko tsoma ƙafa a bakin ruwa mai ciyawa ya isa.

Shiga kwalekwale ko jirgin ruwa sai da rigar da ke hana nutsewa, a ɗaure, ba a ajiye a gefe ba. Fita da safe ta fi, iska kan tashi da rana. A mashigin Kazinga na gandun Queen Elizabeth a Yuganda dorina da kada sun yi yawa, hannu ya zauna cikin jirgi. A tudu kuma kada ka shiga tsakanin dorina da ruwa, musamman da asuba lokacin da take komawa daga kiwo.

Mataki na 10: Fadama sai da haƙuri

Bayan hayaniyar tururi, fadama kan zama wa wasu kamar ba komai, su zaga cikin minti goma su fita. Sun yi asara. Nemi wuri a kan hanyar katako ko ɗakin leƙen tsuntsaye, rana a bayanka, ka zauna shiru rabin awa. Da farko ciyawa kawai za ka gani. Can sai ka lura abin da ka ɗauka kara ne zalɓe ne a tsaye, ƙafa ɗaya a naɗe, yana jiran kifi. Sa tufafi marasa ƙyalli, rage murya, kada ka kunna kukan tsuntsu a waya don ka jawo shi, kada ka ba kowace dabba abinci.

Dalilin zama kan katako a nan biyu ne. Ciyawar da ka gani shimfiɗe wani wurin a kan ruwa take yawo. Sannan ƙasar irin wannan fadama ruɓaɓɓen tsiro ne da ke taruwa kimanin milimita ɗaya a shekara, sawu ɗaya na iya daɗewa bai goge ba. Da yawa daga cikin manyan fadamun nan suna ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar ta 1971, wadda ƙasashen duniya suka ƙulla don kare fadamu, Kushiro ce ta farko da Japan ta sa a ciki, a 1980.

Dogon hannu, wando a cusa cikin safa, maganin sauro a fata. Da ka fito duba jikinka ko kaska ko matsattsaku sun maƙale. Manyan dabbobi ma na son fadama: dokar Yellowstone ita ce mita 23 tsakaninka da ɓaunar wurin, mita 91 tsakaninka da beyar ko kyarkeci.

Mataki na 11: Kafin ka bar wurin, da bayan ka koma

Dutse ko tsiro ko gansakuka mai siffar ƙwallo da ake samu a tafkin Akan, ba a ɗauka, doka ta hana. Wanke takalmi da duk abin da ya taɓa ruwa, ka shanya su bushe sarai kafin ka shiga wani tafkin, ta haka ake hana iri da cututtukan wani ruwa ƙaura zuwa wani. Toka a kan kyamara ko gilashin mota a hure ta ko a zuba mata ruwa, in aka goge a bushe tana karce gilashi.

In zazzaɓi ya kama ka cikin makonnin da suka biyo baya, gaya wa likita ƙasar da ka je da ruwan da ka shiga. Wanda ya taɓa ruwan tafki a yankin tsargiya ya je gwaji bayan wata biyu zuwa uku ko bai ji komai ba, domin cutar kan daɗe a jiki kafin ta nuna, kuma maganinta ƙwayoyi ne da ake sha cikin yini guda.